Tayar Gaba

Zafin ruwan wankan jego bai gama barin jikin Mairam ba ta jiyo mijinta Kashim a tsakar gida yana buga wa kekensa iska, 'yarsu Falmata tana tsalle a gefensa. Ta kwantar da jaririn, ta ɗaga labule.

Keken nan tun ranar da ya shigo da shi daga gwanjo bai kwanta mata ba. Keken tsere ne, ba kariyar ɗaukar kaya a baya, hannunsa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, tayoyinsa sirara. Kashim tela ne, shagonsa yana unguwar Dogo Tebo a nan Potiskum, kuma daga gidansu a Yerimaram zuwa can kwalta ce, sai ya riƙa wuce masu Napep yana musu dariya. Duk wannan ba ta taɓa cewa uffan ba. Yau ne abin ya zama nata. Zai kai Falmata wurin mahaifiyarsa, a wani ƙauye bayan Danchuwa, ta zauna can har Mairam ta yi arba'in. Har ya ɗaure matashi a ƙarfen tsakiya, gaban sirdi, inda yarinyar za ta zauna. Shekarunta huɗu.

"Baban Falmata, a kan wannan za ka ɗauke ta?"

"A kan me kike so? Jirgi?"

"Ku hau Napep mana."

"Tun da ruwa ya ɓata hanya ba sa shiga ƙauyen Inna. A bakin titi za su sauke mu. Ke zo ki gani ma, jiya na sa sabuwar taya saboda ita."

Ta ja zane ta fito a hankali, don jikinta bai gama komawa daidai ba. Gwaggo Delu, ƙanwar babanta da ta zo yi mata wanka, ta ɗago daga bakin murhu.

"Ke 'yar nan, koma ɗaki. Iska za ta shige ki."

Mairam ta yi kamar ba ta ji ba. Kashim ya juya mata tayar baya da alfahari. Sabuwa ce fil, ta ɗan fi tsohuwar faɗi.

"Ni na zaɓa da kaina," ya ce. "Akwai mai manyan haƙora, ta ƙi shiga, tana gogar ƙarfe. Siririyar kuma irin ta da ce, na ce a'a. Wannan kin ga tsakiyarta sumul, don kwalta. Gefenta ga ƙananan haƙora, don burji. To me ya rage?"

Ta yarda ya yi zaɓi. Sai ta zagaya ta dafa ta gaba. Tsohuwar ce. Ta suɗe, ba zane ko kaɗan, a wani wuri ma har zare ya fara leƙowa. Ga shi ya cika ta da iska ta yi tauri kamar dutse.

"Ta gaban fa?"

"Sabuwa ai baya ake sa ta. Nan nauyi yake, ita ke saurin ci. Je ki tambayi duk mai facin da ke Potiskum. Ta gaba meye aikinta? Bin hanya kawai."

Mairam a ɓangaren Danchuwa ta tashi, da keken babanta ta yi zuwa makaranta. Ta san inda kwalta ke ƙarewa. Ta san gangaren da ke bayansa, da kwanar da ke daf da kwalbati, inda ake zuba tsakuwa duk bayan damina. Idan tayar baya ta zame, jiki yana ji, mutum ya sa ƙafa a ƙasa. Idan ta gaba ce, babu wani ji. Kana kan keke, sai ka gan ka a ƙasa. Kuma Falmata a gaba take, ita za ta fara sauka.

Ta faɗa masa haka.

"Haba Maman Falmata. Sau nawa na bi hanyar nan?"

"Kai kaɗai. Hannunka biyu a kan keke, ba mai motsi a gabanka. Wannan ko akuya ta gani sai ta juya."

"Jego ne yake sa ki tsoro."

"Jego ne," Gwaggo Delu ta ce tana gyara itace. "Ni da na haifi na fari, ko zakara ya yi cara sai in ce ɗana zai ɗauka. Ku bar mutum ya tafi kafin rana ta yi."

Falmata ta riga ta sa takalminta, ta rungume ƙullin kayanta. An yi mata kitso jiya, kanta ƙarami, tsagar a fili. Mairam ta kalli kan nan ta kasa ɗauke ido. Ba ta da ikon binsu, ba ta da ikon hanawa, uwarsa ce ta ce a kawo jikarta. Ta ja da baya ta dafa benci.

Hannunta ya sauka kan ƙaramin buhun geron da aka sayo don kunun kanwa, yana kan benci. Ta ɗan jijjiga shi. Nauyinsa bai fi na Falmata ba sosai.

"To ka yi min abu ɗaya," ta ce. "Ɗora wannan a kan matashin. Tsakuwar ginin maƙwabta ta bazu a lungu. Ka taho daga bakin titi, ka sha kwanar da shi. In kun wuce lafiya, ba zan ƙara magana ba."

"Geron kunun?" Gwaggo Delu ta miƙe. "Wallahi ba ku isa ba!"

Kashim ya yi dariya har da dafa gwiwa. "Yau buhu zan kai wa Inna jika." Amma ya ɗauka, don ya san in bai yi ba, ba zai fita gidan da daɗi ba. Ya ɗora buhun a tsakanin hannayensa kamar yadda zai ɗora yarinyar, ya tura keken waje.

Mairam ta bi shi har zaure, Gwaggo tana biye da ita da faɗa, mai jego a bakin ƙofa, me mutane za su ce. Ta tsaya daga ciki, ta riƙe wuyan hannun Falmata, ta leƙa ta gefen ƙyaure.

Ya taho daga kwalta ba da gudu ba, yana murmushi. Ya karya kan keken zai shigo lungu, tayar gaba ta hau tsakuwa.

Ba ta ga yadda aka yi ba. Ƙara kawai ta ji, ƙarrr, sai ga keken kwance, tayar baya tana ta juyawa a sama. Kashim ya faɗi da kafaɗa. Buhun kuwa ya wuce ta saman hannun keken ya daki gefen kwata, inda simintin yake da kaifi, ya fashe. Gero ya watsu har bakin zaurensu.

Falmata ta ƙyalƙyale da dariya. "Baba ya faɗi! Mama, Baba ya faɗi!"

Mairam ta durƙushe a zaure ta jawo yarinyar jikinta, ta rufe kanta da tafin hannu biyu. Ba ta san ta matse ta ba sai da Falmata ta ce, "Mama, da zafi."

Kashim ya tashi zaune. Bai duba gwiwar hannunsa da ke jini ba, bakin kwatar yake kallo, da yagaggen buhun. Kajin unguwa har sun fara taruwa.

"Innalillahi," ya ce a hankali.

Gwaggo Delu ba ta ƙara zancen kunu ba. Ta ɗauko tsintsiya da faifai ta fita tana korar kaji.

Ya shigo da keken ya kife shi a tsakar gida. Ya ɗauko sifana ya kwance tayar gaba. Ya rataya ta a kafaɗa.

"Irin ta bayan zan samo," ya ce, bai kalle ta ba.

"In babu irinta, a juya. Sabuwar ta dawo gaba."

"To."

"Kuma kada su cika ta tam. In ka danna da yatsa ta ɗan lotsa."

"Na ji."

Sai bayan azahar ya dawo da sabuwar taya, 'yar uwar ta baya, ya ɗaura ta a gaba. Bai jira an ce masa ba, ya hau ya bi ta kan tsakuwar nan, ya juyo ya sake bi, keken bai ko girgiza ba. Ya kawo mata har bakin ɗaki ta danna da yatsa, ta shafa ƙananan haƙoran gefe. Duk da haka ta ɗauko zanen goyo ta ɗaure Falmata da ƙugunsa, ta ƙulla, ta sake ƙullawa.

"A kwanar kwalbati ka sauka ka tura."

"Zan sauka."

"Ka rantse."

"Wallahi zan sauka, Mairam."

Suka tafi, Falmata tana ɗaga hannu har suka sha kwana.

Mairam ta koma ɗaki ta ba jariri nono, wayar tana kan cinyarta. A ranta tana bin su. Yanzu sun wuce kasuwa. Yanzu manyan motocin shanu suna wuce su, iskarsu tana kaɗa keken. Yanzu kwalta ta ƙare. Daga nan ta kasa ci gaba, duk sanda ta kai gangaren sai ta ga buhun nan a sama. Ta kira, aka ce layin ba ya shiga. Ta san ƙauyen Inna ba sabis sai an hau tudu, amma sanin bai hana ta sake kira ba. Gwaggo ta kawo kunu, ya huce a gabanta.

Ana kiran la'asar wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka da sauri har ta kusa suɓuce mata.

"Mama!" Muryar Falmata ce, iska tana kaɗa ta. "Baba ya sauka ya tura ni, wai shi jaki ne. Kuma Inna tana da 'yan awaki."

"Ba ku faɗi ba?"

"A'a. Mama, ɗaya fari ne."

Mairam ta kifa fuska a kan zanen jaririn, wayar tana manne da kunnenta, Falmata tana ta ba ta labarin awaki.