Kalmomi Biyar

"Sake faɗa mini, Baba," in ji Auta, tana gyara masa maɓallin rigarsa da ya saka a ramin da ba nasa ba.

"Tsani, lemo, raƙumi, allura, kore."

"Yau wace rana?"

Ya ɗan yi jim, sannan ya ce Talata. Daidai ne, amma tun da gari ya waye take nanata masa ita.

Suna zaune ne a bencin ƙarfe na sashen binciken ƙwaƙwalwa, hawa na biyu a asibitin. Ba wanda ya san bencin nan kamar Auta, don shekara shida ke nan tana goge ƙarƙashinsa. Ita ce mai sharar sashen. Yau ta ɗauki hutu ta sa kayan fita, har mai gadi ya tsokane ta, wai in ba da bokiti ba ba ya gane ta.

Mahaifinta mai gyaran agogo ne, ya shekara arba'in a rumfa ɗaya. Shekara biyu da suka wuce ya fara kwance agogon mutane ya kasa mayarwa, dole aka rufe rumfar. Yanzu kullum sai ya tambayi ina mahaifiyarsu, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce. Kullum kuma sai Auta ta zaɓa, ko ta ce ta je unguwa, ko ta zuba ido ya sake kukan mutuwarta kamar yau aka yi.

A farkon shekara aka liƙa sanarwa a bangon da take gogewa: ana neman mutum sittin masu ciwon mantuwa don a jarraba sabon magani, amma sai an yi wa mutum gwaji kafin a ɗauke shi. Tana ganin kalmar gwaji ta tuna da jarrabawa. Sau biyu ta faɗi jarrabawar gama sakandare, saboda haka ta san abin da ake yi wa wanda bai ci ba, ƙofa ake nuna masa. Ran nan ta tsinci takardar tambayoyin gwajin a kwandon shara, injin bugawa ya ɓata gefenta, ta ninke ta jefa a jaka. Yayanta ya ce a kai Baba tun lokacin, ta ce sam, ba za ta kai shi a kunyata shi ba sai ya shirya. Wata biyar cur tana koya masa safe da yamma, yana mantawa tana sakewa, har abin ya zauna masa a baki kamar waƙa.

Aka kira su. Likitar matashiya ce mai tabarau, wadda kullum take ɗaga ƙafa Auta ta goge ƙarƙashin teburinta.

"Ashe mahaifinki ne? Ba ki taɓa faɗa ba," in ji Likita. "Baba, sannu da zuwa."

"Yauwa 'yata. Agogon bangonki ya makara da minti uku."

Likita ta yi dariya, ta fara. Ta karanta kalmomi biyar, tun kafin ta rufe baki ya mayar mata. Ta ce ya cire bakwai daga ɗari, ya yi ta saukowa ba gargada. Ta ba shi biro ta ce ya zana agogo, ƙarfe huɗu da minti ashirin, ya zana shi tsaf kamar a rataye. Da ta koma kan kalmomin bayan minti biyar, ko ɗaya bai faɗi ƙasa ba. Auta ta ji daɗin da rabonta da shi tun Baba yana da lafiya.

"Ashirin da bakwai cikin talatin," in ji Likita. "Barka. Baba ba ya buƙatar mu."

"Yaushe zai fara shan maganin?"

"Ai ba zai sha ba. Waɗanda suka samu tsakanin sha takwas da ashirin da biyar muke ɗauka. Wanda ya haura haka, lafiyarsa ƙalau a wurinmu."

Auta ta dubi takardar, ta dubi Baba yana murmushi. Ba ta taɓa jin jarrabawar da cin ta ke sa a kori mutum ba. Ta san in ta buɗe baki aikinta na iya tafiya, amma in ta yi shiru ta kai shi gida ke nan hannu wofi.

"Likita, ni na koya masa." Ta ciro takardar daga jaka, duk ta yi laushi don ninki. "A kwandonki na samu. Ba shi da lafiya, wallahi ba shi da lafiya. Shekaranjiya a firji ya ajiye takalminsa. Makon jiya a tashar mota aka tsinto mana shi yana neman makarantarsu ta firamare. Ni nake yi masa wanka. Ni nake wanke zanin gadonsa kowace safiya."

Murmushin Baba ya ɗauke.

"Auta," ya ce a hankali, "ni kike yi wa haka a gaban mutane?"

Ba ta iya kallonsa ba. Likita ta cire tabarau ta murza idanunta.

"Maganar takarda mu bar ta zuwa gobe," ta ce. "Akwai wani gwajin da bai taɓa gani ba. Baba, ka yi haƙuri, mu sake wasan nan sau ɗaya."

Ta karanta sababbin kalmomi biyar. Baba ya gyara zama ya ce, "Tsani, lemo, raƙumi, allura, kore." Ta sake karantawa, ya sake mayar mata da nasa, har da ɗan fushi, kamar ita ce ba ta iya ba. Ta ce ya lissafa dabbobin da ya sani, ya kawo uku ya tsaya. Sai ta miƙa masa biro ta ce agogo, ƙarfe tara saura minti goma.

Ya zana da'irar, ya jera lambobin har sha biyu. Daga nan biron ya tsaya a tsakiya. Ya kalli takardar, ya kalli hannunsa, ya juyo ya kalli 'yarsa kamar yaron da ke jiran a raɗa masa amsa. Mutumin da ya shekara arba'in yana saita wa rabin gari lokaci. Auta ta sa gefen mayafinta a baki ta cije.

"Sha uku," in ji Likita, ba tare da ta ɗago ba.

"To ai yanzu ya faɗi. Sai ku ɗauke shi."

"Ya yi ƙasa da yawa. Wanda bai kai sha takwas ba, dokar binciken ba ta yarda a ba shi ba. Ba a hannuna abin yake ba."

"Ki rubuta sha takwas. Biyar ne kawai, Likita. Ba wanda zai sani."

"In na yi haka na cuci sauran mutum hamsin da taran, na kuma ba shi abin da ba mu san me zai yi masa ba." Ta sassauta murya. "Ciwon nan ba ya jira. Wani cikin 'yan watanni yake zubar da maki biyar. Da a farkon shekara kuka zo, ban ce lallai ba, amma da wataƙila ya shiga."

Baba ya ajiye biron a hankali, ya tambaya ko an gama, don matarsa tana jiransa a gida.

Likita ta jawo wata takarda, ta ce duk wanda ba a ɗauka ba sai an cike masa ita, don masu binciken su san abin da ke hana mutane zuwa da wuri.

"Akwai nisan gida, akwai rashin samun labari, akwai rashin mai rakiya," ta karanta. "Wanne zan sa muku?"

Auta ta dubi tayil ɗin ƙasa.

"Babu namu a ciki," ta ce.

"Akwai layin da ake rubuta wani dalili daban."

"To ki rubuta shiri muke ta yi."