Yaron Saude

Aikina ba shi da suna mai daɗin faɗa. Ni ba lauya ba ce, kodayake da lauyoyi nake aiki. Idan kotu ta yarda ta sake duba hukuncin wanda aka yi wa ɗaurin rai da rai, ni ake turawa ƙauyensu in tono ko wane ne shi kafin ranar da ya yi laifin, da wanda zai karɓe shi idan an sako shi. Sunana Mubina. Mahaifiyata tana gaya wa ƙawayenta wai bin ɓarayi nake yi da rakoda.

Salmanu ba ɓarawo ba ne, kisa ya yi. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, shanun da yake kiwo suka faɗa gonar wani manomi mai suna Gambo a wajen Darini. Aka yi cacar baki, sai sanda. Bugu ɗaya a ƙeya, Gambo bai sake tashi ba. Ya bar 'ya'ya biyar. Ba na ɓoye wannan, shi ma Salmanu bai taɓa ɓoyewa ba.

Layi biyu ne a takardun shari'ar suka binne shi. Na farko, an rubuta masa shekara ashirin, don kawai an dube shi an ga dogo ne. Na biyu ya ce: "Uwarsa ta ce ba ɗanta ba ne." Alƙali ya kafa hujja da shi, ya ce wanda uwarsa ta sallama babu sauran gyara a tare da shi. Barista Abdulhakim, lauyan da nake yi wa aiki, ya buga yatsa a kan layin ya ce, "Ki kawo min matar nan. In ta rantse ita ta haife shi, ta faɗi shekarar, kuma bai kai sha takwas ba a lokacin, zaman da ya yi zai iya isarsa."

Na fara zuwa wurin Salmanu a gidan yari. Ƙasusuwan wuyansa duk a waje, yana magana tari yana katse shi. Da na karanta masa layin, sai ya yi murmushi.

"Ai ni ne ɗan fari, Hajiya," in ji shi. "Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga yayarta, Goggo Saude. Ita wadda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Don Allah kada ki matsa mata." Ya yi tari mai tsawo, ya duba abin da ya fito a tsumma, ya ninke. "Amma dai da na so in ji yadda yake fita a bakinta. Ko sau ɗaya."

Raina ya ɓaci har na kasa rubutu. Wane ne a ƙasar nan bai san kunyar ɗan fari ba? Kotu cike da 'ya'yan Hausawa da Fulani, an tsayar da Bafulatana a bainar maza an ce mata, "Wannan ɗanki ne?" Ta sunkuyar da kai ta ce yaron Saude ne. Aka rubuta, aka wuce, babu wanda ya ce a dakata.

Na sami uwar tasa, Asta, a gefen Tsaskiya, a wata bukka da danginta suka kafa bayan an kore musu shanu. Mun daɗe muna gaisuwa, ta tambayi hanya da gajiya da mutanen birni. Da na ambaci sunansa, sai ta juya min gefen fuska ta shiga gyara bakin zanenta.

Amma muddin na ce "yaron Saude", bakinta a buɗe yake. Ta san ranar da ya fara tafiya. Ta san tabon da ƙaho ya yi masa a cinya. Ta ce an haife shi daminar da aka haƙa rijiyar bakin kasuwa. Na je na durƙusa a gindin rijiyar, ga shekarar nan a zane jikin siminti. Shekararsa goma sha shida ranar da ya ɗaga sandar.

Nan take na kira Barista. Ya ce rijiya ba ta rantsuwa. Saude ta rasu tuni, kuma takarda ta riga ta ce Asta ba uwarsa ba ce. Sai dai Asta ta warware da bakinta, a gaban alƙali.

Sau uku ina hawa babur zuwa Tsaskiya a kan wannan magana. A na ukun haƙurina ya ƙare.

"Inna, kalma biyu ce fa. Ki ce ɗana ne, ki faɗi sunansa."

"Ɗiyata, mi kike so a ce da ni? Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Shekara talatin bakina bai ɗauki sunan nan ba, ko na wani ne. Mai shagon can sunansu guda, ban taɓa ce mai komi ba sai mai shago."

"To kunyar nan ce ta ɗaure shi, Inna! Ba ki sani ba?"

Ban taɓa ɗaga wa sa'ar uwata murya ba sai ranar, kuma har yau ina jin nauyin abin. Ta dube ni ido cikin ido, karo na farko. Ashe ba ta sani ba. Shekara goma sha huɗu babu wanda ya gaya mata abin da aka rubuta da bakinta. Ta zauna daɓas a kan turmi. Tun da na riga na ɓata, sai na ƙarasa: na gaya mata tarin, da tsumman, da abin da ya ce yana son ji. Na hau babur na tafi.

Ana jibi za a zauna kotu, na same ta a tashar Batsari tun da hantsi, da ƙwaryar fura ɗaure a cikin ƙyalle. Ta ce, "Mu tafi." A cikin mota leɓɓanta suna ta motsi. Na ɗauka tasbihi take yi, sai da na matsa kusa na gane harafin farko take gwadawa, ta kai bakin haƙora ta mayar.

Na ce mu fara biyawa ta gan shi, don kada ganin farko ya zama a gaban alƙali. A ƙofar gidan yarin na miƙa takardar ziyara. Ma'aikacin ya duba sunan, ya shiga ciki, ya daɗe. Da ya dawo ya cire hularsa.

"Sai haƙuri, Hajiya. Jiya da la'asar Allah ya yi masa cikawa. Gawar tana asibiti, muna neman danginsa."

Na yi salati. Asta ba ta yi kuka ba. Ta sauke ƙwaryar a ƙasa a hankali, kamar mai gudun kada ta zube.

Ma'aikacin ya jawo wata takarda. Ya ce ba a ba da gawa sai ga ɗan'uwa na jini, kuma sai an cike gurbin dangantaka. Ya dubi tsohuwar.

"Baba, ke mece ce a gare shi?"

Na buɗe baki zan amsa mata, ta ɗaga min hannu. Akwai maza huɗu a wurin, da masu ziyara a layi, duk suna ji.

"Ɗana ne," in ji ta. "Ni na haife shi. Salmanu."

Ta sake faɗa, da ƙarfi, tana kallon ƙofar ƙarfen da ke bayan mutumin. Ma'aikacin ya sunkuya ya rubuta "uwa" a gurbin, ya juyo mata takardar ta dangwala yatsa.