Jan Gari a Goshin Tapasi

Kwana huɗu da damisa ta ɗauke mijinta Nirapada a mashigin kudu, inda ya je kamun kaguwa, Tapasi ba ta yi kuka ba. Ba a ba ta dama ba. Inda abin ya faru gandu ne da aka haramta shiga, kuma in ma'aikatan gandun suka ji, za su ƙwace kwalekwalen, su tashe su daga 'yar gaɓar da suka samu bayan ruwa ya cinye tsibirinsu. Sau uku ke nan ana tashin gidan nan. Surukarta ta ce ba za a yi na huɗu ba.

A nan, matar da mijinta ke daji ba ta taje kai, ba ta shafa jan garin aure a tsagar gashi sai ya dawo. Kowane ma'aikacin gandu ya san haka. Saboda haka da aka hango jirginsu, tsohuwar ta zaunar da ita, ta taje mata kai, ta dangwala mata jan garin da hannunta.

"In sun tambaya, yana birnin Kolkata, yana aikin gini. Kin ji ko?"

Ta ji.

Baƙuwar da ma'aikatan suka kawo Baturiya ce mai binciken damisa, mace mai kirki, har takalmi ta cire a ƙofa. Tafintanta, Bikash, ɗan ƙauyen gaba ne. Ya dubi goshin Tapasi, ya dubi ragar kamun kifin da ke rataye a bushe, ya sauke kai.

"Didi," ya ce da Tapasi, wato Yaya, "wai ina maigida?"

"Kolkata."

"Ta ce jan nan ya yi miki kyau."

Tapasi ta kawo shayi. Ba ta jin tsoro, ba ta jin haushi, ba ta jin komai.

Sai baƙuwar ta ciro hoton wata damisa, fuskarta cike da murna, tana ta zuba bayani. Bikash bai fassara ba sai da ta taɓa shi.

"Kyamarar da suka kafa a daji ce ta ɗauka shekaranjiya, a mashigin kudu," ya ce a hankali. "Da sun ɗauka ta tsufa, yunwa za ta kashe ta. Wai yanzu ta farfaɗo."

Tapasi ta karɓi hoton da hannu biyu. Damisar na kwance cikin laka, cikinta ya yi tim. Ta daɗe tana kallon cikin.

"Ta ƙoshi," ta ce.

Baƙuwar ta juya wajen Bikash tana jiran fassara. Ya faɗa mata wai Didi ta ce damisar kyakkyawa ce. Matar ta ji daɗi ƙwarai, ta ce Tapasi ta riƙe hoton, kyauta ne.