Amsar Mutanen Tama

Elisha ya danna maɓalli, firinta ta fara kuka, ta tofo takardun gayyata goma sha biyu. Mako uku ya yi yana ƙara wannan a kalandar ordinatar biro, wato kwamfutar ofis: baƙin allo, koren rubutu, ka rubuta rana da sunaye, takardu su fito. A gaban kowane suna akwai gurbi guda: zai zo, ko ba zai zo ba.

Darakta ya riga ya faɗa. In abin ya yi aiki, za a riƙa ba direbobin motocin kasuwa takardun, su dawo da amsa. Hamani, planton da ya shekara sha huɗu yana kai kiran taro ƙauyuka a kan moto, zai huta ƙarshen wata. Haka darakta ya ce, zai huta.

Hamani ne ya kai takardun gwaji. Bayan la'asar ya dawo Bouza, ya zauna a kan benci ya cire takalmi.

"Baba, me mutanen Tama suka ce?"

"Sun ce Allah shi kai mu."

"Na Deule fa?"

"Allah shi kai mu."

Elisha ya duba allon. "Duka sha biyun za su zo ke nan," in ji shi.

"Kai, Mushe," in ji Hamani, da kiran girmamawa na Faransanci, "wa ya gaya maka? Umaru na Tama yana faɗa yana kallon rijiya, albasa tai ke son ruwa. Ba ya zuwa. Alƙasim ya ba ni hura, ya raka ni har bakin hanya. Shi yana zuwa. Husaina ta ce a gaida darakta. Wadda za ta zo ba ta aiko gaisuwa."

"Nawa ke nan?"

"Biyar. Shida in an ji za a yi shinkafa."

Elisha bai ji komai a ransa ba, ko tausayi. Ya buɗe shirin, ya ƙara layi huɗu. Daga yau ordinatar ba za ta rufe taro ba sai an cika sabon gurbi: ra'ayin wanda ya kai takarda.

Darakta ya leƙo, ya gwada da kansa. Ordinatar ta ƙi.

"Ba za a iya tsallake wannan ba?"

"Haka na'urar take, Mushe."

Darakta ya jima yana kallon koren rubutun, yadda ake kallon likita.

"To. A saka wa moton Hamani mai."