Yatsan Baba Hussaini

"Sake ɗorawa, ya ammi," in ji ma'aikacin, yana kiransa baffa da Larabci, karo na biyar ke nan.

Baba Hussaini ya sake danna babban yatsansa a kan gilashin na'urar ɗaukar zanen yatsa. Ta yi ƙara, ta kawo jar wuta. Ina tsaye bayan kekensa na marasa lafiya, gumi na bin bayana duk da sanyin ofishin rajistar gidaje.

Gidan da nake ciki a unguwar Hindawiyya mahaifina ne ya saya bayan zuwansa daga Sudan. Da yake iƙama, takardar zaman baƙo, kawai gare shi, sai aka rubuta sakki, wato takardar mallaka, da sunan maƙwabcinsa Baba Hussaini, mai takardar ɗan ƙasa. Ba shaida, ba rubutu, musabaha kawai suka yi a ƙofar masallaci. Mahaifina ya rasu, aka yi ta cewa gobe, jibi. Sai da ciwon ƙoda ya kwantar da Baba ya ce a kawo shi ya mayar da gidan ga 'yata Areej, tunda ita 'yar ƙasa ce ta wajen ubanta.

An gwada yatsu goma, babu wanda na'urar ta karɓa. Ma'aikacin ya juya tafin hannun tsohon ya duba. Sumul yake kamar bayan cokali. Shekara arba'in Baba yana juya tsinken tsire a kan garwashi da hannu tsirara, wuta ta share zanen tas.

"Ku dawo bayan kwana goma," in ji mutumin a hankali. "A riƙa shafa mai, kada ya taɓa ruwan zafi. In bai fito ba sai a bi ta takardar likita, ita kuwa tana ɗaukar lokaci."

A mota Areej ta fara kuka. Baba ya ce, "Halas, ya isa haka, ke kuma. Zanen yatsa ai kamar gemu ne. Zai tsiro."

Tun daga ranar ya mayar da yatsan nan ɗan lele. Ya shafa masa man zaitun, ya naɗe shi da farin ƙyalle, ya ajiye hannun a kan matashi. Carbi ma da hagu yake ja. Kullum da hantsi ina kai masa kunu, in zauna kusa da gadonsa, ina tambayar jiki. Mutumin nan shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni, amma wallahi idona ba ya barin ƙyallen.

Rana ta shida ya ce, "Sadiyya."

"Na'am, Baba."

"Fuskata tana nan sama."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya kwance ƙyallen ya miƙo mini. Muka kai yatsan bakin taga muna dubawa, ni da shi, kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Na ce ina ganin ɗan layi ya fara fitowa. Ƙarya na yi, shi ma ya sani.

"Baba, yaranka sun san maganar?"

"Babbansu Abdulmohsen ya sani. Amma su bakwai ne, 'yata. Biyu ma rabona da su shekara goma."

Rana ta takwas, ina tsaka da wanke shinkafa, na ji salati daga gidansu. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kafin in ce innalillahi, abin da zuciyata ta fara cewa shi ne, saura kwana biyu. Har yau ban yafe wa kaina wannan ba, kuma har yau ina jin haushin tsohon da bai jira ba.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, ina fitowa daga wajen mata sai babban ɗansa Abdulmohsen ya tare ni a lungu. Idonsa ya yi ja.

"Abla Sadiyya, 'yar'uwata, wallahi ni ana arif, na sani gida naku ne. Ni zan faɗa ko a gaban alƙali."

"To, sauran fa?"

Ya dubi ƙasa. "Ƙanena Mazen ya ce duk abin da yake da sunan Baba gado ne. Jiya ya karɓi sakki, yana wajen shi. Ya ce ba za a kore ku ba, ya'ani... yanzu."

Na ce Allah Ya jiƙan Baba, ya ce amin. Aka kira shi ya je ya karɓi gaisuwa.

Taku goma sha biyu ne daga ƙofarsu zuwa tamu. Na ciro makulli daga jaka, na tsaya ina kallon ƙofar gidan da aka haife ni a ciki. Ana ta wucewa da farantan gahawa ta bayana. Ban san lokacin da na ɗaga hannu na ƙwanƙwasa ba, na tsaya ina jira a ce in shigo.