Hatimin Manaja Bang

Manaja Bang ya kai shafi na arba'in da biyu na rahoton, sai ya daina tauna cingam.

"Da-hye, mene ne wannan kika rubuta?"

"Abin da awo ya nuna ne, Yallaɓai. Ramin da robar toshe ruwa ke zama ya cika zurfi a zane, shi ya sa famfunan ke yoyo."

"Zanen wa?"

Ta sunkuyar da kai. Ko mai shara a masana'antar ya san Bang ne ya yi zanen.

Shekara huɗu ke nan Da-hye tana raba makonta biyu: kwana huɗu a masana'antar injin famfo a birnin Changwon, kwana biyu a jami'a. A masana'anta suna kiranta Farfesa, sannan su aike ta haɗo kofi. A jami'a kuwa 'yan aji na jan kujera gefe saboda warin baƙin mai. Gobe za ta kare wannan rahoto, aikin kammala digirinta, kuma jami'a ba ta karɓa sai da hatimin kamfanin da ya ɗauki nauyinta. Hatimin kuwa yana aljihun Bang.

"Mu muka tura ki karatu, yau kin dawo koya mana zane," in ji shi. "Masu haɗa injin ne ba su san aikinsu ba. Tsohon nan Maeng, hannunsa ma rawa yake. Sunansa nake son gani a ƙarshen rahoton nan kafin ƙarfe huɗu."

Ta tarar da Maeng a ɗakin cin abinci yana cakuɗa shinkafa da kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji. Shi ya fara koya mata riƙe ma'auni, shi ya rufa mata asiri ranar da ta ƙona inji guda. Ta zayyana masa komai, idonta ya cika.

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya laluba aljihu, ya ajiye mata ɗan siririn zoben tagulla kusa da kwanon miya.

"Farfesa, sai yau kika gano? Shekara goma sha ɗaya ina saka wannan a ƙarƙashin robar kowane famfo. Da hannuna nake yankawa."

"Baba Maeng! Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa mana. Bang ya ce in na iya zane, in nuna masa digirina." Ya kurɓi miya. "Je ki duba ranakun da aka haɗa masu yoyon."

Ta duba. Dukkansu cikin mako shidan da ya yi kwance a asibiti ne, lokacin da aka yi masa aiki a baya.

"Sunana yake so, ki ba shi," in ji Maeng. "Ki rubuta shi da manyan baƙaƙe."

Ta daɗe zaune gaban kwamfuta. Bayan digiri, yarjejeniya ta ɗaure ta shekara uku a ƙarƙashin Bang, ta san da haka. Duk da haka ta rubuta.

Ƙarfe huɗu saura ta miƙa masa. Ya tsallake komai ya tafi shafin ƙarshe, inda aka rubuta da manyan baƙaƙe: YOYON FAMFO YANA DA ALAƘA KAI TSAYE DA MAENG CHUN-BAE. Ƙarƙashinsa akwai jerin ranakun asibiti, da hoton zoben, da zanen Bang an kewaye kuskuren da ja. Bai kai nan ba. Ya hura hatiminsa ya danna.

"Yauwa. Yanzu kika fara zama injiniya." Ya miƙe yana gyara wuyan riga. "Na gayyato shugaban kamfani wurin kare aikinki gobe, ya ga irin tarbiyyar da nake ba yara. Kusa da shi zan zauna, layin gaba. Ki ɗaga murya sosai, kunnensa ɗaya ba ya ji."

Da-hye ta karɓi rahoton da hannu biyu, ta rusuna.

"Zan ɗaga, Yallaɓai."