Talibambam a Farfesun Suna

Ƙarfe goma na safe Radiyya ta farke kwali na uku, ƙarnin da ya buge ta ya sa ta ja da baya. Farfesun mutum sittin aka ba ta aiki, na sunan jaririn Dakta Umaru a garin Clinton, ga shi kwali biyu sun riga sun shiga tukunya. A daskare ta daddatsa su, ba ta duba ba.

A jikin kwalin kuroka aka rubuta, sunan wani kifin teku mai tsada. Ciki kuwa tarkacen teku ne, wani ja, wani dogo kamar maciji, wani mai faɗi kamar faifai, duk an sare musu kai. Mutanenmu na tudu, in dai daga teku abu ya fito, sunansa kifi, shi ke nan. Auwalu mai shago a garin Wheaton, inda ta sayo kwalayen, da wannan yake cin abinci.

Amma Radiyya 'yar masunta ce daga Yawuri. Ta cusa hannu cikin ruwan jinin da ya taru a ƙasan kwalin, ta zaro wani mai yauƙi, cikinsa fari da ƙananan ƙayoyi. Ta juya shi ta sake dubawa. Talibambam. Na kogi ma da sanda babanta ke mayar da shi ruwa, yana cewa dafinsa ba ya jin wuta.

Ta kira Auwalu a waya. "Malam Auwalu, me ka sayar min?"

"Haba Hajiya, kifi ai kifi ne. Ki zuba yaji, wa zai tambaye shi sunan ubansa?"

"Akwai talibambam a ciki."

"To ki tsince mana. Bai wuce ɗaya ko biyu a kwali ba."

Wato ya sani. Ta tofar da yawu a wurin wanke-wanke, ta ɗebi kwano ɗaya na farfesun daga tukunya, sauran ta tuttule a shara.

Da azahar ta iso gidan sunan da shinkafa da kaza kawai. Dakta Umaru ya tare ta fuska a haɗe. "Radiyya, ina farfesun? Baƙin da suka zo tun daga Alexandria suna ta tambaya."

"Ga shi nan, Dakta."

Ta ratsa maza har inda Auwalu ke zaune cikin baƙi, ta dire masa farfesun, hannunta na riƙe da bakin kwanon. "Kurokarka ce. Kai za ka fara."

Ya dubi romon, ya dubi mutane.

"Azumi nake."

Ɓurɓushin cincin na nan a gemunsa. Wani dattijo ya yi tsaki. Radiyya ta kwance leda ta ajiye talibambam ɗin a kan tebur, cikinsa sama. Dakta Umaru ya sunkuya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗago.

"A zuba wa mutane shinkafa," ya ce. "Auwalu, takalmanka na bakin ƙofa."